Mutumin da Ya Shigo Ba Sallama

Ranar da na gama gajeren labarina na farko, sai da na taka rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki. Wallahi har da guɗa! Maƙwabciyata a Tudun Wada ta leƙo ta taga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce mata abin ya fi haihuwa, marubuciya aka samu a gidan nan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma wankinta.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, kullum ina hanya tsakanin can da Gusau. A mota na rubuta rabin labarin, littafi a kan gwiwa, duk ramin da direba ya faɗa akwai shaidarsa a rubutun. Labarin wani mutum ne da ya je gaya wa matar amininsa cewa gobara ta cinye musu rumbu.

Mutum ɗaya nake so ya ji shi har ƙarshe, Innata da ke Nahuce. Da na fara gaya mata ina rubutu, cewa ta yi, "Duk karatun ga da kika yi, ƙarya za ki zauna kina tsarawa?" Maganar ta tsaya mini a rai. Na rantse sai ta saurara, ko ta ƙi ko ta so.

Ranar Asabar na dira Nahuce ina ta washe baki. Na tarar da ita da maƙwabtanta mata huɗu a inuwar ɗaki suna ɓarar gyaɗa. Na gyara murya, na fara.

To, ga inda na tafka shirme. Ni da aka yi wa tarbiyya, ta yaya zan bar dattijo ya shiga gidan mutane ya faɗi magana tsagwaronta? Sai na sa shi ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, ya muka ji da ruwa. Shafi uku cur! Har jakin gidan sai da ya tambayi lafiyarsa.

Tun a shafi na farko matan suka fara amsa mini.

"Ina gajiya?" in ji dattijon labarina.

"Ba gajiya!" suka haɗa baki, suna ƙyalƙyala dariya.

"Ya yara?"

"Suna gaishe ka!"

A shafi na biyu suka koma hirar wani biki da za a yi a Rawayya. Inna ta miƙe wai za ta duba tukunya, ba ta dawo ba. Rumbun nan ko hayaƙi bai fara ba na rufe littafina. Haushi kamar in fashe.

Ranar Litinin, a motar Tsafe, na zaro jan biron da nake duba aikin ɗalibai da shi, na bi shafi ukun nan na soke. Kai, na ji kunya! Sai da na ce wa dattijon labarin a raina, Baba ka yi haƙuri, yau ba gaisuwa. Na sake farkon da layi ɗaya: "Ya faɗo gidan ko sallama bai yi ba, takalmi ɗaya a ƙafarsa." Na karanta, na sake karantawa, na bushe da dariyar murna har wani Alhaji da ke kusa da ni ya matsa.

Shi ya sa duk mai fara rubutun da ya zo mini neman shawara, nake ce masa ya fara daga inda wutar ta kama, gaisuwa a bar ta a ƙofa. Ya riƙe magana ɗaya, kada ya kwaso dangi duka. In ya gama, kada ya kai wa abokin da zai ce masa madalla. Ya nemi mutanen da hannunsu ke cikin aiki ya karanta musu da baki, ya sa ido a kan hannuwan.

Asabar ta zagayo, na koma. Gyaɗar ba ta ƙare ba, matan ma suna nan. Suna ganina suka ce, "Ga mai gaisuwa ta dawo!" Ban kula su ba, na karanta layina na farko.

"Subhanallahi!" in ji ɗaya. "Wane marar kunya ne wanga?"

"Yi shiru," Inna ta ce mata. "Wanda ya shigo haka, ba lafiya ba. Mi ya faru?"

Na saci kallon hannuwansu. Duk sun tsaya. Na ci gaba da karatu har na kai ƙarshe. Aka yi ta salati, ana jajanta wa matar da ba ta taɓa zuwa duniya ba. Ni kuwa ina jiran Inna ta ce wani abu.

Ta daɗe tana juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannu.

"Haka kawunki ya shigo," ta ce, "ranar da mota ta kife da Babanki. Ba sallama. Kina goye a bayana."

Ban taɓa jin wannan ba.

"Sake karanta mini," ta ce. "Amma ki gyara wuri ɗaya. Ki sa matar ta ba shi ruwa ya sha, ya sha gudu. Ni ban ba kawunki ba, har ya koma ga Allah ban tuna na ba shi haƙuri ba."

Na zaro biro a nan gabanta, na sa matar ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa masa. Sannan na koma farko, Inna ta ture kwanon gyaɗar gefe.