Muryar Kaka a Rumfar Abdurrazak

A bakin mai gyaran rediyo na fara jin sunan Abdurrazak. Na kai mishi tsinkakken kaset, wanda shi kaɗai ke ɗauke da muryar marigayiya kakata tana waƙar tatsa, sai ya ce, "Je ki wurin Abdurrazak, mai haɗa kiɗa."

Ga shi a rumfarshi bayan kasuwar dabbobi, siriri, kunne ɗaya toshe da abin saurare. A ordinatarshi, wato kwamfuta, yana ɗinka kukan iska da gogen Turawa da kiɗan rawa, ba ka jin inda wani ya ƙare. Gabana ya faɗi, kada ya mai da Kaka abin rawar samari.

Yana liƙe zaren kaset ɗin da jan farce, yana naɗewa da alƙalamin bik, a hankali kamar wanda ya taɓa rasa wata murya. Da Kaka ta fara, sai ya kashe komai, har fanka. Ta fito ras, har da tarinta. Na sauke ajiyar zuciya.

"Ƙanwata, ga ta a wayarki, ban ƙara mata komai ba," in ji shi. "Amma in kin je garin Bader Goula, wurin makiyaya, ɗauko mini ƙarar nono yana zuba a ƙwarya."