Na-Kwalba Bai Matsa Daga Turke Ba

Duk ranar aiki, kafin masu shaguna su gama sharar ƙofa, za ka ga Na-Kwalba ya fito da kekensa, dogon takalmin roba ɗaure a baya. Tura keken yake yi har bakin titi, don gwiwarsa ta daina yarda ya hau daga ƙofar gida. Cibiyar binciken ruwa yake nufa. A can zai ɗauki akwatin ƙanƙara da wankakkun kwalabe, ya shiga tsohuwar motar ofis, direba ya kai shi bakin kogi. Ya sauka gangare, ya tsaya daidai inda aka kafa turke mai jan fenti, ya ɗauraye kwalba da ruwan wurin, ya cika ta, ya rufe, ya hauro. Daga turken gada zuwa na bayan kasuwa, daga nan zuwa na wajen lambuna. Abin da ya ɗebo shi ake aunawa a ɗakin gwaji, a gaya wa hukuma abin da ke cikin ruwan da jama'a ke sha, suke ban ruwa da shi. Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kwalba ta maye gurbinsa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. An ce za a yi masa ɗan taro a ofis, a miƙa masa agogon bango. Ni ba a gayyace ni ba, ban kuma damu ba. Ƙofar gidana tana kallon tasa, lambuna kuma yana ƙasa da turken ƙarshe, saboda haka abin da zan faɗa ba a majalisa na tsinto shi ba. Karatuna gajere ne, mai gyara ya gyara.

Kogin nan ba shi ne wanda muka sani muna samari ba. Da, damina kan zo a kan lokacinta ta tafi a kan lokacinta. Yanzu sai ta yi ta jan ƙafa har shuka ta ƙone, sannan ta sauke ruwan wata guda a yini ɗaya ta kwashe gonaki. Da rani kogin kan tsuke ya koma kamar kwata. Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin gwajin, ta taɓa zuwa ta yi mana bayani a inuwar lambu. Ta ce gishirin da ka zuba a randa ba ka ji shi ba, in ka zuba shi a kofi sai ka tofar. Haka dattin gari yake a kogin da ruwansa ya ja baya. Na gane wannan. Abin da ban gane ba shi ne yadda mutum zai yi ta shiga wannan ruwa har cinya, wari na dukan hancinsa, kaska da sauro na rabon jikinsa, ya dawo gida ya wanke ƙafa, gobe ya koma.

Na-Kwalba, kai ne mai shiga inda wasu ke toshe hanci su wuce. Amma ba don wari na ɗauki alƙalami ba. Mai kwasar shara ma yana shan wari, Allah Ya saka masa. Na ɗauka ne don abin da aikin nan ya ci maka, wanda agogon bango ba zai biya ba.

Na-Kwalba yana da ƙane guda, autan ɗakinsu, kowa Auta yake ce masa. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, Na-Kwalba ne ya goye shi, ya kai shi makaranta, ya yi masa aure. Da Auta ya kawo ƙarfi sai ya buɗe wurin fasa tsofaffin batura a bakin kogi. A fasa batir, a narka dalmar ciki a sayar, ruwan batir kuma a tuttular a bututu ya gangara kogi. Sana'ar ta karɓe shi. Magidanta da dama suna cin abinci a ƙarƙashinsa, tsohuwarsu ma shi ya sake mata rufin ɗaki. Sai dai bakin bututun nan yana ɗan sama kaɗan da ɗaya daga cikin turakun cibiya, turken da aka kafa tun kafin Auta ya san mene ne batir.

Mu a lambu mun ga alama kafin kowa. Ganye ya fara ƙuna daga gefe, ƙananan kifaye suna tasowa ciki sama. Gwaji ya nuna dalma ta yi yawa a ruwan turken nan. Dakta ba mai gaggawa ba ce, ta ce a sake ɗebowa a tabbatar kafin ta rubuta wa hukuma. A tsakanin nan Na-Kwalba ya je ya sami ƙanensa har sau ba adadi, ya ce ya gina rami da siminti ya riƙa tara ruwan, ya daina sakinsa. Auta ya ce to, to, bayan wannan cinikin. Cinikin bai ƙare ba har ranar ɗiba ta zo.

Direba ne ya ba ni labarin ranar, kuma shi ba ya ƙara gishiri sai a maganar ƙwallo. Ya ce suna isa suka tarar da Auta tsaye a kan gangare, hannu a aljihu.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta. Yau kai aka ba gadin kogi?"

"Gadin bakin 'ya'yana nake yi. Yaya, ban ce ka yi ƙarya ba, ban ce ka zuba ruwan famfo a kwalba ba. Ka ɗan matsa sama da bututu ka ɗiba, shi ke nan. Kogin ai ɗaya ne."

"Ɗaya ne. Amma ruwan sama da bututu ba shi ke isa lambun mutane ba."

"To wa zai sani? Direba, kai ka ga wani abu?"

Direba ya ce shi tun safe ido ke masa ciwo.

Na-Kwalba ya ce, "Ni zan sani."

"Kai ne Dakta? Ɗan aike ne fa kai, Yaya. Kwalba kawai aka ba ka."

"Ita kaɗai aka ba ni, shi ya sa."

Ya sauka ya tsaya a turke. Direba ya ce murfin kwalbar ya suɓuce wa Na-Kwalba ya faɗa laka, sai da ya hauro ya ɗauki wata kwalbar ya sake sauka, Auta na tsaye yana kallonsa. Suka shiga mota suka nufi ofis.

Hukuma ta rufe wurin. Ma'aikata suka watse, wasu har yau in sun ga Na-Kwalba sai su tofar da yawu gefe. Auta ya sayar da abin da zai sayu, ya kwashe ragowar fasassun batura ya jibge a bayan gidansa, ya koma dakon kaya da kura. Tsohuwarsu ta kira Na-Kwalba ɗakinta. Mai ɗakinsa tana wurin, ita ta gaya wa tawa. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Kai da ka goye shi a bayanka, ɗan matsawa ne ya gagare ka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, akwai masu goyo a ƙasan kogin ma." Ta juya fuska bango. Ta rasu ba ta ga sun shirya ba. A zaman makoki ɗaya yana wannan bakin tabarma, ɗaya yana wancan, masu gaisuwa suna raba ta'aziyya gida biyu.

Ina da karin magana cike da baki a kan wannan, amma na gaji da su, ba su taɓa tace ko kofi ɗaya na ruwa ba. Gara in faɗi yadda abin ya kasance. Kogi ya ɗan farfaɗo, ganyenmu ya yi kyau damina ɗaya ko biyu. Sai aka gina wata babbar masana'anta can sama, mai katanga da masu gadi da karnuka, bututunta mutum zai iya shiga ciki a tsugune. Na-Kwalba ya ɗebo, Dakta ta auna ta rubuta, ta sake rubutawa, ta je da ƙafarta. Har yau bututun yana zuba. Wanda ake iya rufewa an rufe shi, wanda ba a iyawa ana yi masa sallama daga bakin ƙofa.

Wata rana ina zaune a ƙofar gida na ji mai ɗakinsa ta cikin katanga, tana wanke masa takalmin roba tana mita. "Malam, ka rasa ƙane a kan ruwan da har yau ba a iya wanke hannu da shi. Me ka samu?" Na kasa kunne in ji amsa. Can ya ce, "Ki shanya shi a rana sosai, gobe akwai turken gada."

Ita ba a ba ta amsa ba, to ni bari in ba ta. Saboda kwalabensa mun san watannin da ba a ban ruwa da kogi, muka haɗu muka haƙa rijiya nesa da gaɓa. Saboda su matan bayan kasuwa suka daina wanke jarirai a gangare. Saboda su, duk ranar da aka sami shugaba mai kunya da zai tambayi yaushe kogin nan ya lalace kuma daga ina, akwai amsa a ajiye, kuma ba a gurɓata ta da son kai ba. Dakta da kanta ta ce mini duk na'urorin ɗakinta ba su san inda aka ɗebo ruwa ba, abin da aka ba su shi suke aunawa. Ta ce in ƙafar mai ɗiba ta karkace, duk ilimin da ke bayanta ya karkace. Kai ne ƙafar da ba ta karkace ba, Na-Kwalba, ko da ta kumbura.

Bara, bayan dogon fari, ambaliya ta zo ta shafe unguwar su Auta. Ruwa ya kwanta a kan tarin baturan nan na bayan gida, ya janye ya bar abin da ya bari. Ba a daɗe ba ƙaramar 'yar Auta ta fara ciwon ciki, ta daina wasa, ta daina cin abinci. Matar Auta ta yafa mayafi ta zo gidan da aka hana ta zuwa. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni dai rijiyarmu nake tsoro. Bai san na zo ba."

Da hantsi Na-Kwalba ya tafi gidan Auta, ni na raka shi, don na ce ko faɗa ya tashi a sami mai shiga tsakani. Auta yana ɗaure kaya a kura. Ya ɗago ya dubi yayansa, ya dubi abin da ke hannunsa.

"Shekara da shekaru ba ka tako gidan nan ba, yau ma da kwalba ka zo?"

"Da ita na saba."

"In kun ga wani abu, gidan za ku rufe wannan karon?"

"Rijiya dai. Ina guga?"

Auta ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Daga ɗaki aka ji yarinyar tana kiran uwarta da wata 'yar siririyar murya. Ya shiga ya ɗauko gugan da kansa, ya ajiye a ƙasa tsakaninsu, bai miƙa masa a hannu ba.

Dalma ce. Aka rufe rijiyar da siminti, aka kwashe tarin, aka kai yarinya asibiti. Tana samun sauƙi a hankali, likita ya ce sai an daɗe ana dubawa kafin a san iyakar abin da ya taɓa. Ban ji Na-Kwalba ya ce wa kowa ai na faɗa ba. Abin da ya ce wa matar Auta shi ne famfon gidansa yana nan, ƙofa kuma a buɗe take.

Shi ya sa yanzu kullum da safe Auta kan turo kura da jarkoki ya tsaya a tsakar gidan yayansa. Ya ce ina kwana, a ce lafiya. Ya tara ruwa yana kallon bakin famfo kamar yau ya fara ganinsa. Na-Kwalba ya fito da benci ya ajiye kusa da wurin, ya zauna a gefe guda ya bar gefe guda. Jarka ta cika, Auta ya ɗora, ya ce sai an jima. Bencin nan har yau mutum ɗaya yake ɗauka.

Na-Kwalba, mun gode. Ni da masu lambu, da matan gangare, da yaran da ba su san sunanka ba kuma ba za su taɓa sani ba. Allah Ya hutar da gajiyarka, Ya sassauta maka gwiwa, Ya sa abin da ka rasa a nan ka tarar da shi a gaba. Wanda za a miƙa wa akwatin nan bayanka, da duk wanda aka ba wa wani ɗan aiki da yake ganin ba kowa ke kallo ba, ku sani wata rana za a zo a ce ku ɗan matsa kaɗan. Ba baƙo ne zai zo ba, wanda kuke jin kunyarsa ne. Ku tuna an yi wani a nan da ya tsaya.

Kai kuma Auta, na san za a karanta maka wannan, kuma na san za ka ce tsohon nan ya cika shiga sharo ba shanu. Na shiga. Daga wata mai kamawa yayanka ba shi da kogin zuwa, yana gida duk safiya. Ni da shi ba mu da sauran lokaci mai yawa, kai ma furfura ta fara leƙo maka. Ba a ce ka ba da haƙuri ba, shi ma ba a ce ya bayar ba. Gobe in ka sa jarka a bakin famfo, ka bar ta ta cika da kanta, ka zauna.