Ƙwan Kanti da Zaitun ɗin Ummu Nazih

Tun tana amarya a ƙauyensu, Ummu Nazih ba ta taɓa auna gishirin jiƙa zaitun ba. Takan cika baho da ruwa, ta riƙa zuba gishiri tana juyawa, sannan ta ɗauko ƙwai mai ɗumi daga ƙarƙashin kaza ta saka. In ya taso har kansa ya leƙo kamar faɗin kirshi, 'yar tsabar kuɗinsu, ruwa ya yi. Zaitun ɗinta kan kai wata kakar da ƙwarinsa.

Da mijinta ya rasu, ɗanta Nazih ya dawo da ita birnin Irbid, saman bene, inda kaza ba ta da makwanci. Kakar farko ta jiƙa 'ya'yan zaitun a tuluna kamar kullum. Kafin sanyi ya wuce duk sun yi laushi, suna wari.

Ba wanda ya ce mata uffan, kuma abin da ya fi damunta ke nan. Sai dai ta jiyo Nazih yana ce wa matarsa Rudaina ƙasa-ƙasa, "Kwanaki ma ta bar shayi a wuta." Da irin wannan raɗa aka fara wa yayarta, kafin a hana ta shiga kicin.

Da kaka ta zagayo, Rudaina, wadda ke aiki a kantin magani, ta ajiye ma'auni kusa da baho.

"Inna, yi yadda kika saba, ni kallo zan yi."

"Kallo ko gadi?"

"Duka biyu."

Ummu Nazih ta zuba gishiri, ta saka ƙwai, ya taso. Rudaina ta auna gishirin da ya rage a leda.

"Ruwa lita goma, kilo guda ya kamata ya ci. Rabi da kaɗan kika zuba, ga shi har ya leƙo."

Tsohuwar ta tsamo ƙwan, ta girgiza shi kusa da kunnenta.

"Yaushe kaza ta yi wannan?"

"Wa ya sani, Inna? Na kanti ne." Rudaina ta ƙura wa ƙwan ido. "Ƙwai in ya daɗe iska ke taruwa a cikinsa. Ba ya jiran gishiri ya cika, tasowa yake."

Ummu Nazih ta ajiye ƙwan a gefe.

"Ashe ba ni kaɗai na kwana biyu a gidan nan ba," ta ce. "Miƙo sauran gishirin, 'yar nan, ki auna mini da abin naki. In mijinki ya dawo kuma, ki maimaita masa wannan bayani, ina zaune."