Yadda Madugu Ya Ba Mu Baya

Shekarar da aka ba mu jiha aka kwaso mu daga Kano aka zube a Dutse, ni da keken buga takardu da akwati ɗaya. Ofishinmu ajin firamare ne da aka raba da katako, kuma da an tashi aiki ba inda mutum zai nufa sai teburin mai shayi. Zaman kashe wando ne ya kai ni gidan Madugu.

Gidan ƙasa ne a tsohon gari, mai zaure uku da soro, ginin wani attajiri tun zamanin da ake zuwa Gwanja fataucin goro da jakuna. Jikokinsa sun watse birane, sai suka ba ƙungiyar masu wasan kwaikwayo da zane aron gidan don kada ya rushe. Sharaɗi ɗaya suka kafa: autar Madugu, tsohuwar da ta haura tamanin, tana nan a ɗakinta na ƙurya, ba mai tayar da ita. Kowa Gwaggo yake ce mata.

A tsakar gida muke gwajin wasa, a zaure na biyu ana koyon ɗinkin hula, a soro wani dattijo yana koyar da kukuma. Gwaggo ba ta taɓa yarda wasa wasa ba ne. Ranar da na fito a matsayin maigida mai faɗa, ina daka wa abokina tsawa, ya ɗaura zane a matsayin matata, sai ji na yi muciya ta sauka a gadon bayana.

"A gidan ubana ba a yi wa mace haka!" in ji ta. Sannan ta dubi abokina da gemunsa ta ce, "Ke kuma Allah Ya shirye ki."

Mai koyar da zane mutumin Kiyawa ne, gajere, kullum da ɗigon fenti a gemu. Sana'arsa zana zakuna da mikiya a bayan manyan motoci, don haka Mai Fenti muke kiransa. Shi ya ce bai kamata baƙo ya shigo bai ga mai gidan ba, zai zana Madugu a bangon zauren farko. Hoto dai babu, sai abin da Gwaggo ta tuna: dogo, baƙi, hanci har baka.

Da ya gama aka riƙo hannunta ta zo ta duba.

"Wannan ai direba ne," ta ce, ta juya.

Ya shafe ya sake. Ta ce ubanta bai taɓa kallon mutane haka ba, kamar wanda aka kama a rumbun wani. A karo na uku ta daɗe a tsaye tana kallonsa, sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce a ƙara masa carbi. Aka ƙara, aka jera jakuna biyar a bayansa da huhunan goro. Tun daga ranar, in za ta wuce sai ta rage murya.

Muka yi shekaru a haka har aka ƙaddamar da shari'a. Mu ma mun je filin taro mun yi kabbara har muryarmu ta dishe. Sai da muka dawo muka fara kallon juna. Muka tura kalangu da kukuma can ƙarƙashin tabarmi a soro, muka goge "wasa" daga allon ƙofa muka rubuta "faɗakarwa", abokina kuma ya yi rantsuwa ya bar ɗaura zane. Ba a jima ba takarda ta zo cewa kwamitin malamai zai ziyarce mu.

Su uku suka zo ranar wata Asabar da hantsi. Shugabansu malami ne matashi mai sanyin magana, yana da Islamiyya a Yalwawa. Muka nuna musu wasa a kan masu tauye mudu, har ɗayansu ya yi dariya ya rufe baki da rawani. Suka sa albarka, muka rako su. Saura taku uku su fita, Malam ya ɗaga kai.

"Wannan fa?"

"Allah gafarta Malam, mai gidan ne," in ji Mai Fenti.

Malam ya ce sura ce ta mai rai, cikakkiya, ga jakuna har biyar, ba za ta zauna ba. Mai Fenti ya sosa gemu ya ce aikin ba wuya, jakunan zai mayar da su duwatsu, tunda garin ba abin da ya fi su yawa, Madugu kuma dogo ne, bishiyar dabino zai yi kyau.

Ashe Gwaggo tana zaure na biyu tana ji. Ta fito tana dogara sanda.

"Wa za a mayar dabino?"

Malam ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata bayani a hankali. Ta matso ta ƙura masa ido.

"Kai ba ɗan gidan liman ba ne na bayan masallaci? Ranar sunanka ni na riƙe ka wanzami ya yi maka aski. Har fitsari ka yi min a zane."

Sauran malaman biyu suka shiga kallon rufin zaure.

"Haka ne, Gwaggo," in ji Malam, "amma hukuncin ba nawa ba ne. Akwai sauƙi ma. In an ja layi a wuyansa, an raba kai da gangar jiki, to ya tashi daga sura."

"Yanka shi za ku yi? Mutumin da 'yan fashin hanya suka kasa, sai ku a zaurensa?"

Ni dai ina jingine da bango ina addu'ar kada a tambaye ni. Malam gumi yake yi, don ba ya son ya saɓa wa karatunsa, ba ya kuma son ya saɓa wa tsohuwa. Can sai Mai Fenti ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, in mutum ya juya baya fa? Ba ido, ba hanci, ba baki. Riga ce kawai da rawani."

Malaman suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus. Ɗaya ya ce riga ba ta tsayuwa sai da mutum a ciki. Ɗaya ya ce ai ana rataye ta a ƙusa. Daga ƙarshe Malam ya ce shi bai ce ya halatta ba, amma zai duba littattafai, kafin nan a juya shi.

Kwana biyu Mai Fenti yana aikin. Sai da ya ɗora takarda ya kwafe fuskar a ɓoye ya kai wa Gwaggo, ta sa a ƙasan adakarta, sannan ya shafe. Madugu ya koma babbar riga da ƙeyar rawani, ya nufi cikin bango. Jakunan suka zama duwatsu, sai dai fentin bai da kauri, da damina ta kama kunnuwa suka sake ɓullowa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi dalilin da ya sa duwatsunmu suke da kunne.

Gwaggo ta zo ta duba ta ce ƙeyar tasa ce, amma an rage masa kafaɗa. Aka ƙara.

Malam bai dawo da amsar littattafan ba. Bayan wata biyu dai ya zo shi kaɗai a kan babur, ya tsaya daga waje, ya ce yana son a zana masa allon sunan makarantarsa, da hoton allo da tawada da alƙalami.

"In sa ɗalibai?" in ji Mai Fenti.

Malam ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Sa kamar uku. Ta baya."