Ranar da Kwamfutar Nuruddeen Ta Ƙi Surukinsa

Ƙarƙashin darbejiya a Roni, manoma sun yi layi ana rubuta su don rabon taki, maƙwabcina Nuruddeen ya sunkuyar da kai cikin kwamfuta kamar mai neman allura. Aka kira wani dattijo, ya faɗi sunansa, Nuruddeen ya ƙwanƙwasa. Sai jan rubutu ya fito. Gogan naka bai ko ɗaga kai ba, ya ɗaga murya: "Baba, na'ura ta ce ka riga ka shiga. Taki sau biyu kake so? A ji tsoron Allah mana!"

Sannan ya ɗago. Malam Muhammad Sani ne tsaye, mahaifin Lailatu, yarinyar da yake nema da aure. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. Ya karkaɗe babbar rigarsa ya juya. Ina wurin, na je sayar da tumaki, kuma wallahi ko kaza ba ta yi motsi ba.

Bari in gaya muku waye Nuruddeen. Ɗan Kanya Babba ne, ya zo Kazaure karatun kwamfuta, ya kama ɗaki jikin gidana, bai sake tafiya ba. Tun daga nan sunansa Injiniya, ko da yake ban taɓa ganin ya ɗaura ko ƙusa ba. Wata ƙungiyar manoma ta ɗauke shi ya riƙe mata abin da yake kira rumbun bayanai: sunan kowane manomi, ƙauyensa, gonakinsa. Rumbu ne da ko ɓera ba ya sha'awa.

Ni boko bai kama ni ba, amma zaman kusa ya sa na haddace cututtukan rumbun nan. Akwai jan rubutun da ke cewa ba a sami hanyar shiga ba. Wannan laifin netwok ne. Akwai mai cewa an hana shi izini. Wannan wai maƙiya ne, sai daga baya a gano kalmar sirrinsa ya manta. Magani kuwa ɗaya ne: a kashe, a kunna. In ya ƙi, ya ɗauki hoton allon da waya ya tura wa abokinsa Nicodemus, ya zauna yana shafa gemu kamar shi yake tunanin.

Amma ciwon Roni, Injiniya da hannunsa ya shuka shi. Ya saita na'urar kada ta karɓi mutum biyu masu suna ɗaya, uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Hikima ke nan, a ƙasar da kowane gida akwai Muhammad Sani ɗan Muhammadu Lawal. Ranar haihuwa kuma, in ka tambayi dattijo sai ya ce, "Shekarar fara," ko "Damina biyu bayan rijiyar gari ta rufta." Injiniya ba shi da lokacin lissafin fara. Duk mai furfura, ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da sittin. A rumbunsa rana guda aka haifi tsofaffin Roni da Gwiwa kaf. Allah sarki ungozoma.

To, da safe wani Muhammad Sani ɗan Muhammadu Lawal ya riga ya shiga. Na'ura ta ga na biyu ta ce ta san shi. Ita gaskiyarta ta faɗa, yadda aka koya mata.

Da Lailatu ta daina ɗaukar waya, Injiniya ya yanke shawarar manya: ya goge Sani na farko ya sa surukinsa. Jan rubutu ya sake fitowa, wai ba za a cire mutumin ba tunda gonakinsa na rataye da sunansa. Na ce, "Ka ga na'ura ta fi ka sanin haƙƙin mutane." Labari kuma ya kai wa Sani na farkon cewa za a goge shi da ransa. Ya hau babur har Kazaure, ya tsaya ƙofar gidana yana tambayar wanda ya kashe shi. Na nuna masa ɗakin, don ni ba na ɓoye maƙwabci.

A ƙarshe Injiniya ya yi abin da ya kamata tun farko: ya ba kowane manomi lambarsa, na'ura ta bar dogaro da suna. Sani biyu suka zauna a ciki lafiya. Saura na waje.

Muka tafi ban haƙuri gidan mahaifin Lailatu, ni da kawun Injiniya, shi kuma yana tsugune can bakin zaure kamar takalmi. Malam Sani ya bar mu muka gama zuba, sannan ya ce, "Ku tambaye shi, ni da wancan Sanin wa ya girmi wani?"

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne."

"To ni na yi goyonsa. Yaya aka yi muka zama tagwaye?"

Dattijon ya murmusa. "Yarinya dai ta ce shi take so. Ku turo magabata. Amma ranar ɗaurin aure kada ya zo da na'urar, kada ta ce an riga an ɗaura."

A hanyar komowa yana tuƙa babur ina baya, na ce, "Injiniya, ni ma fa zan shiga layin taki. Kada injinka ta ce akwai ni biyu."

Bai ko waiwayo ba. "Kwantar da hankalinka, Kawu. Irinka biyu? Allah ba zai jarrabi Kazaure da abin da ba za ta iya ɗauka ba."