Motar da Haris Ya Bar wa Mato

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Mato a Tanut, kuma katangar nan ta ga ta kanta. Kowace Juma'a da hantsi sai ta kama rawa, ƙasa na zubo mini a kan keken ɗinki, don Mato ya tayar da motar ƙaninsa. Na yi faɗa, na yi gori, na kai ƙara wurin liman. Mato ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Ila." Juma'a na zagayowa katanga ta ci gaba da rawarta.

Duk wanda ya san Mato ba zai taɓa haɗa shi da irin wannan mota ba. A wani ƙauye bayan Gangara aka haife shi, shi ne ɗan farin Inna Zainabu. Ya yi noman gero har uban ya rasu, ya yi yaron mota a manyan motocin Agadas, wata rana jak ɗin ɗaga mota ya zame ya taɓa masa ƙugu, sai ya dawo bakin kwalta ya kafa rumfar facin taya. Mutum ne mai sanyin jiki, ko fura aka miƙa masa sai ya tsaya ya dube ta kafin ya kai baki. Bai taɓa mallakar ko babur ba. Da wani tsohon keke yake zuwa aiki, in ya ga rami ya sauka ya tura.

Haris, autan gidansu, shi ne ya kwashe duk zafin da Mato ya rasa. Lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado yana cikin na farkon tafiya, kuma Allah ya ba shi. Da ya tashi dawowa, a bayan babbar mota aka kawo abin da ya saya, an lulluɓe ta da tamfol. Da aka yaye, gari ya taru. Rawaya ce kamar gwaiduwar ƙwai, ƙofa biyu, kujera biyu, gilasanta baƙaƙe, cikinta kuwa saura kaɗan ya taɓa ƙasa. A ƙasar da in ka sauka daga kwalta yashi ne har inda ido ya tsaya! Kafin la'asar an raɗa mata suna Ƙadangaruwa.

Na ce masa, "Haris, wannan ko buhun hatsi ɗaya ba ta ɗauka."

Ya ce, "Ai ba don hatsi na saye ta ba, Baba Ila. Tsaya ka ji."

Ya taka ta. Wallahi sai da na ji abin a haƙorana. Awaki suka tsinke igiya, mai shayin bakin tasha ya zubar da butarsa. A lokacin Inna Zainabu tana gidan Mato, an kawo ta neman maganin ido, ganinta ya riga ya tafi. Tana zaune a tsakar gida za ta jiyo ƙugin motar tun daga hanyar Damagaram, sai ta ce, "Ga mahaukacin nan tafe," tana murmushi.

Bai daɗe ba ya ce zai koma, akwai ramin zinariya da ya bari rabi. A gabana ya miƙa wa Mato makulli. Ya ce, "Yaya, amana ce. Irin wannan in ta zauna mutuwa take. Ka riƙa motsa ta kafin in dawo." Ya kira sau ɗaya daga Dirku, ya ce gobe za su shiga sahara. Daga nan shiru. Masu dawowa kowa da nasa labarin: wani ya ce ƴan fashi, wani ya ce motarsu ta ɓata hanya, wani ya rantse ya gan shi a kurkuku a Libiya. Gawa dai babu wanda ya gani.

Mato ya rushe rumbunsa ya gina wa motar ɗaki, da daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, alhali ɗakin da yake kwana yana yoyo. Ya gano ba ta shan man kwalba na bakin hanya, in an ba ta sai ta yi ta tari, don haka sai na gidan mai, shi ma sai ya tace da farin ƙyalle. Ni nake yanka masa ƙyallen, ina yi ina mita. Matatar iskarta kullum sai ya ciro ya hure ta da injin ba taya iska. Ɓeraye suka ci mata waya sau ɗaya, ya je ya samo kyanwa ya ajiye a ɗakin, yana saya mata madara. Tayoyinta masu faɗi ne marasa kauri, babu irinsu ko a Damagaram, sai da ya yi ta aike Kano. Ya sayar da ragunan da yake kiwo saboda su, matarsa ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba.

Fitar da ita kanta aiki ne. Daga ƙofar gida zuwa kwalta sai ya shimfiɗa katakai, ya hau a hankali, ya sauko ya kwashe na baya ya kai gaba. In ya zo kan tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, a karkace yake hawa, taya ɗaya bayan ɗaya, yana cije leɓe kamar cikinsa ne zai gogu. Sai ya fita bayan gari ya miƙa kudu, ya ba ta wuta daidai yadda zuciyarsa za ta iya ɗauka, ya juyo kafin a kira salla. Jandarmomin hanya sun san shi, hannu kawai suke ɗaga masa.

Wata Juma'a da ya dawo na leƙa ciki, na ga ya ɗaura wa kujerar gefe bel, ɗamarar nan ta fasinja, babu kowa a kanta. Na ce, "Mato, iska kake ɗaure wa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In na wuce inda gonaki suka ƙare na ƙara mata wuta, sai ƙararrawar kujerar nan ta kama kuka, irin wanda take yi in mutum ya zauna bai ɗaura ba. Ba ta yin shiru sai na ɗaura."

"Waya ce ta taɓu. Ɓerayenka ne."

"Na duba wayar," in ji shi. "Lafiyarta lau."

Ni ba matsoraci ba ne, amma ranar ban ƙara leƙa motar ba, kuma na daina tsokanarsa a kan ta.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Rahama, matar Haris. Tana zaune a gidan Mato da ƴarta, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Shekaru suka yi ta wucewa. Mahaifinta ya zo daga Belbeji da dattawa, suka ce a je gaban alƙali a yanke magana, a yi wa Haris salla da sadaka, a raba abin da ya bari, yarinya ta san matsayinta. Mato ya ba su ruwa, ya ba su tabarma, ya ce, "Motar nan amana ce a hannuna, ba gado ba ce. Mai ita ya ce in riƙa motsa ta kafin ya dawo." Nan maganar ta tsaya. A ransa, muddin injin nan yana tashi, Haris yana wani wuri yana numfashi. Na ce masa wannan son kai ne, ya ce ya ji.

Inna Zainabu kuwa tuni ta koma ƙauye. Duk zuwan da Mato zai yi sai ta tambaya, shi kuma amsarsa ɗaya: "Zai zo, Inna." Abin da bai sani ba, mutanen ƙauyen da ke cin kasuwar Tanut suna komawa da nasu labarin. Sun ga motar ta wuce, gilas baƙi, ba a ganin na ciki. Waɗansu sun san Mato ne, amma wa zai iya tsayawa gaban tsohuwa makauniya ya ce mata ba ɗanta ba ne? Sai su ce, "Inna, mun ga motar Haris yau, tana ta sheƙa gudu." Suna ganin alheri suke yi mata.

Bayan girbin bara tsohuwar ta kwanta. Rahama ta je jinya, ta dawo a motar kasuwa, ko gida ba ta shiga ba ta wuce rumfar faci. Ina wurin. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, Inna ta ce ba ta yafe wa Haris ba."

Mato ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"Ta ce yana Tanut shekara da shekaru yana yawo a mota, ya kasa zuwa ya gaishe ta don ta makance ta tsufa. Ta ce ko ta mutu kada a bari ya taɓa makararta. Na ce mata ba haka ba ne, ta ce ni matarsa ce, dole in kare shi."

A ranar Mato ya tafi. Washegari ya dawo fuskarsa kamar an shafa toka. Ya gaya wa Inna shi ne ke tuƙa motar, ta yi masa dariya. Ta ce mutumin da ke sauka daga keke in ya ga rami? Ta ce tun suna yara yake rufa wa ƙaninsa asiri, ya tashi ya ba ta wuri.

Ya ce da ni, "Malam Ila, za ta tafi da fushinsa a ranta. Kuma ni na jawo masa."

Ban ce masa a'a ba, don gaskiya ya faɗa.

Ya yi hayar babbar motar da ke ɗaukar shanu. A wurin lodin dabbobi na kasuwa aka tura Ƙadangaruwa ciki, aka ɗaure ta da igiyoyi, aka cusa buhunan ƙaiƙayi ta kowane gefe. Na rufe shago na bi su, ni da Rahama a gaba, Mato a baya tare da motar, yana riƙe da ita duk inda aka yi tangal-tangal. Da muka isa bakin ƙauyen, samari suka haƙa rami, babbar motar ta shiga da baya har gindinta ya yi daidai da ƙasa. Daga nan zuwa ƙofar gidan yashi ne, sai mutane suka ciro zanan gidajensu suka shimfiɗa a hanya. Rana ta take sosai, amma ƙauyen kaf ya fito.

Mato ya shiga ya tayar da ita. Ya taho a hankali a kan zana, kara na karyewa a ƙarƙashin tayoyi, ya tsaya a ƙofar gida ya bar injin yana aiki.

Aka fito da Inna Zainabu, mata biyu na riƙe da ita. Ta rame har ba ta cika zanenta ba. Ta tsaya ta karkata kai tana saurare, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Motar ce. A ce masa ya taka."

Mato ya taka, injin ya yi ƙugi ya sauka.

"Wannan ba ƙafarsa ba ce," in ji ta. "Auta ba ya tausayin ƙarfe. Ku kai ni."

Aka matsa da ita. Mato ya sauke gilas. Ta miƙa hannu ciki tana lalube, ta taɓa hula, ta taɓa goshi, ta sauko kan gemun da ya yi furfura. Hannunta ya tsaya a nan. Na ga lokacin da yatsunta suka jiƙe.

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya tafi, Inna."

"Bai dawo ba ko sau ɗaya?"

"Bai dawo ba."

"To ina yake?"

 Rahama na tsaye kusa da ni, ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki. Duk shekarun nan dattawa sun nema, ni kaina na zagi Mato, bai taɓa furta kalmar ba. Yanzu uwarsa ce ke riƙe da fuskarsa.

Ya ce, "Haris ya rasu, Inna. Sahara ta riƙe shi."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe yaron nan yana kwance a rana, ni ina nan ina zaginsa." Ta juya fuskarta wajen arewa, ban san yadda aka yi ta gane ba. "Na yafe maka, Auta, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini." Sannan ta daki ƙofar motar da tafin hannu, a hankali. "Kashe ta."

Mato ya murɗa makulli, injin ya mutu. Amma motar ba ta yi shiru ba. Irinsu in sun yi zafi, fankar da ke gaba takan ci gaba da juyawa ita kaɗai bayan an kashe su. Mutanen ƙauyen ba su san haka ba, ni ma sai daga baya aka gaya mini. Abin da muka ji kawai shi ne wani huci yana fita daga ƙirjinta, mai tsawo, ba ya yankewa. Babu wanda ya motsa. Mato na zaune da makulli a hannu, tsohuwar na tsaye da tafinta a jikin ƙofa, mu duka muna jira kamar yadda ake jira a ɗakin mai jinya.

Hucin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, ya tsaya.

Limamin ƙauyen ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai a sannan Rahama ta saki kukanta.