Jiyar da na riƙa ƙirƙira wa abokina

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, saurayi ne ni mai ɗan banzan son a ce ya iya. Karatuna a firamare ya tsaya, amma Turanci ya tsaya mini a rai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda kalmominsa ke yi idan abu ya wuce: wasu ka ƙara musu 'yar wutsiya shi ke nan, amma go sai ta rikiɗe ta koma went, kamar ba gidansu ɗaya ba. Wani abokin aikina ɗan Kudancin Kaduna, wanda ya girme ni, ya ce zai koya mini. Tsarinsa shi ne kullum lokacin cin abinci in ba shi labarin jiyata da Turanci, shi kuma ya gyara.

Gyaran ne ba na so, musamman a gaban mutane. Sai na gano dabara: in zaɓi labarin da kalmominsa ba sa rikiɗa. Kullum jiyata wanki ce da girki da kallon ƙwallo, yana ta yaba mini wai na daina kuskure. A makonnin nan kuwa mahaifina na kwance a asibiti, ana neman jini irin wanda ba a cika samu ba. Kai shi da na yi, da kwanan benci, duk kalmominsu masu rikiɗa ne, sai na bar su. Da Hausa ma na kasa faɗa, don mutumin da ya ce ƙwallo ya kalla da wane baki zai warware?

A bakin direban motar ma'aikata abokin nawa ya ji rasuwar mahaifina. Ya zo ta'aziyya, ya zauna kusa da ni a tabarma, ya ce in ba shi labari da Hausa. Da na ambaci irin jinin, sai ya ce ai shi ma irin jininsa ke nan.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma abin yana ci na har yau. Masu koyo 'yan'uwana, ku faɗi abin da ya faru ko da Turancin zai fita a karkace. Ni nawa ya fita daidai, mai jinin yana gefena muna cin shinkafa.